Na yi soshal wak a Ingila, na zo Jamus aka ce sai na koma aji

Har yau in Hajiyarmu za ta yi wa ƙawayenta bayanin aikina cewa take "tana raba rigimar gidaje ne a ƙasar Turawa", ni kuma na daina gyara mata dan ba ta yi ƙarya ba sosai. Aikin sunansa soshal wak, shi ne dai wanda a gida muke cewa jin daɗin jama'a, ofishin nan da mace ke kai ƙarar tsohon miji in ya ƙi ciyar da yara, ko a kai jaririn da aka tsinta. Na karance shi a Ingila na yi aiki shekara huɗu da 'yan watanni, sannan zama ya kai mu Jamus, na zaci kawai miƙa takarduna zan yi a ce bismillah ga kujera. Ashe da sauran rina a kaba.

Ni soshiyoloji na karanta a Bayero na gama 2009, na yi bautar ƙasa na yi aure, 2012 maigidana ya samu karatu a Ingila muka tafi. Shekara ɗaya ina zaune daga kicin sai taga, wlh har magana na fara yi da tukunya. Wata maƙociyarmu 'yar Jamaika ce ta ce min tunda kina da digiri me zai hana ki yi mastas ɗin soshal wak, shekara biyu ne kuma ba za ki taɓa rasa aiki ba. Tallafin da gwamnati ke ba 'yan ƙasa ban cancanta ba, kuɗin baƙi kuma ba wasa ba ne, sai da na saida sarƙar gwal ɗina ta lefe da wani fili da Baba ya bar min, Yayana ya cika sauran yana mita.

Tun daga intabiyu na gane abun nasu daban ne. Cikin mutum uku da suka zauna min akwai wata mata da ba malama ba ce, ita kanta a gidan riƙo na gwamnati ta tashi, kuma tana da ta cewa a ɗauke ni ko kar a ɗauke ni. Ita ce ma ta fi matsa min da tambaya. A Ingila tun 2003 sai da digiri ake zama soshal woka, ko na farko shekara uku ko mastas shekara biyu, kuma tun 2005 laifi ne ka kira kanka da wannan sunan in ba ka cikin rajista. Lokacinmu HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya da kulawa, ce ke riƙe da rajistar, a Disamba 2019 aka miƙa wa Social Work England. Kwana 200 ne na koyon aiki a cikin karatun, 30 na atisaye a makaranta, sai filesmen biyu, wato a tura ka wurin aiki na gaske, na farko kwana 70 na biyu kwana 100, kuma akwai wadda ke bin ka tana kallon yadda kake magana da mutane tana rubutawa, in ta ce ba ka ci ba to ko kai ne na ɗaya a aji shikenan.

Abun da ya fi ba ni wuya ba doka ba ce, rubutun da suke cewa rifilekshan ne. Wai ka zauna ka rubuta me ka ji a ranka da matar nan ta zage ka, me ya sa ka ji haka, daga ina a tarbiyyarka wannan ya fito. Mu da aka raine mu a kan cewa ciki ba dan tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rubutuna na farko malamar ta maido min ta ce rahoto na rubuta, ba ta gan ni a ciki ba ko sau ɗaya.

Sannan akwai sunayen da duk wanda ya yi karatun nan a Ingila ya haddace kaman karatun allo, sunayen yaran da suka mutu. Na farko Victoria Climbié, 'yar Kodibuwa, shekararta 8. Gwaggon mahaifinta ce ta karɓe ta daga hannun iyayenta wai za ta yi karatu a Turai, suka bi ta Faransa suka shigo Landan, a Fabrairu 2000 yarinyar ta rasu, likita ya ƙirga tabo 128 a jikinta, alhali ma'aikatan jin daɗin jama'a da 'yan sanda da asibitoci duk sun gan ta. Binciken Lord Laming ya fito 2003 da shawarwari 108, daga nan aka yi dokar yara ta 2004. Sai kuma Peter Connelly ɗan wata 17 a 2007, a ƙaramar hukuma ɗaya da ta Victoria, jaridu suka yi ca a kan ma'aikatan aka kori shugabarsu. Ranar da aka koya mana labarin Victoria ni kaɗai ce baƙar fata 'yar Afirka ta Yamma a ajin, sai na ji kaman kowa ni yake kallo ta gefen ido, dan abun da iyayenta suka yi shi ne abun da kowa a unguwarmu ke yi, ka ba 'yar'uwa ɗa dan ya samu abun da ba ka da shi. Ni kaina shekara biyar na yi a hannun Gwaggo a Zariya, ba wanda ya cike fom.

A filesmen na biyu kuwa abun ya zo min har gida. Makaranta ta kira ta ce akwai yarinya 'yar shekara 9 da matar da ke kawo ta ba uwarta ba ce. Dokarsu ta ce yaro ƙasa da 16 in zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba kaka ba, ba wa ko ya ba, ba kawu ko gwaggo ko inna ta jini ko ta aure ba, ba mijin uwa ko matar uba ba, dole a sanar da kansil, wato ƙaramar hukuma. Muka je ni da wadda ke koya min. Matar 'yar ƙasarmu ce daga kudu, aminiyar uwar yarinyar, tana ganin ɗankwalina ta saki fuska ta ce 'yar'uwa shigo mana, ta kawo lemo da cincin. Ni kuma da jerin abubuwa a kaina da aka ce sai na duba. Na ce ina so in ga yarinyar ita kaɗai, ta yi shiru ta fita. Na ce a nuna min inda take kwana, ta nuna. Sai na ce Anti dan Allah zan iya buɗe firji. Wlh har yau ina jin nauyin hannuna a kan marfin firjin nan, cike yake taf da miya a robobi da madara da ƙwai, na rufe ina jin kunya kaman ni ce ɓarauniya. Ba komai a gidan sai kulawa. Da za mu fita ta rako mu bakin ƙofa ta ce min a hankali, ba da faɗa ba, "Ke ma kin zama su ko." Wadda ke koya min a mota ta ce na yi daidai, da wani ya nemi ganin inda Victoria ke kwana da ya tarar da ita a bahon wanka. Ita ma gaskiyarta ce. Duk sati shida aka ci gaba da zuwa gidan a shekarar farko kaman yadda doka ta ce, matar ba ta sake kawo cincin ba.

Da na gama 2015 na samu aiki a sashen kare yara na wata kansil a tsakiyar Ingila. Shekarar farko ana ce mata ASYE, ana rage maka fayil a ba ka mai kula da kai ka sake tara wani kundin shaida, a takarda dai, dan ni kafin wata shida fayilolina sun kai na kowa. Aikin nan agogo ne ke tuƙa shi. Binciken iyali kwana 45 na aiki, in an buɗe binciken sashe na 47 na dokar yara ta 1989, wanda ake yi in ana zargin ana cutar da yaro, to cikin kwana 15 na aiki a zauna taron kare yaro, in an shiga kotu sati 26 a gama. Kwamfuta tana nuna kore in kana kan lokaci, in ka makara ta koma ja, manaja kuma jan nan take gani kafin ta gan ka. Akwai maganar da kowa ke yi a ofis, abun da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Sai ka je gida ka yi minti 40 ka dawo ka yi awa biyu kana rubuta minti 40 ɗin. In aka ji Ofsted, masu sa ido na gwamnati, za su zo duba mu kuwa ofis ya zama kaman gidan da ake jiran 'yan kai amarya, kowa na share fayil har dare.

Amma in faɗi gaskiya Ingila ta koya min aiki. Na iya tsayawa gaban alƙali lauyan iyaye yana ta juya ni awa biyu ban rikice ba, na iya raba abun da na gani da abun da nake zato, na iya gane uwar da ke cewa to to a baki alhali ba abun da zai canza. Na iya yi wa yaro ɗan shekara huɗu tambaya ba tare da na sa masa amsa a baki ba.

Abun da ban taɓa iya haɗiyewa ba shi ne adopshan ba da yardar iyaye ba. A Ingila kotu na iya yanke cewa jariri ba zai koma ba har abada, a ba wasu, a canza masa suna, dangantaka ta yanke a doka, sai dai wasiƙa sau ɗaya ko biyu a shekara ta hannun ofis. Akwai ganawar ƙarshe da ake shiryawa ta bankwana. Na zauna a irin wannan sau uku. Ta farko uwar ita kanta yarinya ce ƙarama mai fama da ƙwaya, ta zo da 'yar riga da ta saya ta yi wa yaron kaɗan, ta yi ta ƙoƙarin sa masa ba ta shiga, ni ina kallon agogo dan awa ɗaya aka ba mu. Ni na rubuta rahoton da ya kai ga hakan kuma ko yau aka ce in sake haka zan rubuta, yaron ba zai tsira a hannunta ba. Amma na shiga mota na yi kuka har gilas ya yi hazo, ga kuma abun da na taso da shi na cewa ɗa ana kiransa da sunan ubansa ko a hannun wa ya girma.

Janairu 2020 maigidana ya samu aikin injiniya a yammacin Jamus muka tattara. Wata biyu da zuwanmu korona ta rufe ko'ina, na koyi Jamusanci ta Zoom da yara biyu suna hawa kaina. Yaren nan Allah ya isa, fi'ili sai ya tafi can ƙarshen jimla kana jira kaman mai jiran motar Legas. Na yi matakin yare na B1 na yi B2 na daure har C1 dan aikinmu baki ne jarinsa.

Na fara neman inda zan yi rajista kaman a Ingila, aka ce min babu. Babu wata hukuma ɗaya ta ƙasa da ke riƙe da sunayen soshal woka a Jamus. Abun da ake nema sunansa anerkenung, wato amincewar gwamnati, kuma jiha ce ke bayarwa, jihohi 16 kowacce da dokarta. Wasu jihohin bayan digiri sai ka ƙara wani lokaci na koyon aiki kafin su ba ka, wasu a cikin digirin ake haɗawa. Na kai takarduna wurin mai fassara mai rantsuwa, na biya, na buga hatimi, na aika ta gidan waya dan mutanen nan suna son takarda kaman me, na zauna jira wata da watanni. Amsar da ta zo ta ce digirina ya yi, amma ban san dokar Jamus da tsarin mulkinta ba, sai na cike wannan giɓin da darussa da kuma koyon aiki ƙarƙashin wani. Na ji haushi ba kaɗan ba, ni da na tsaya a kotu sau nawa. Maigidana ya ce Maman Abba in kin je gari kin ga kowa da wutsiya nemi taki ki ɗaura. Na ce masa shi injin ɗinsa ko a ina yare ɗaya yake ji.

Haka na koma aji da yara 'yan 19 da 20 a irin makarantar da suke cewa hokshule, jami'a ce amma ta koyon sana'a, a nan ake karanta mafi yawan soshal wak a Jamus, samista shida ko bakwai. Abu na farko da ya sosa min rai, ba kuɗin makaranta. 'Yan ɗaruruwan yuro kawai a samista kuma har da tikitin jirgin ƙasa da bas a ciki. Na tuna sarƙata na yi tsaki.

Karatun nasu faɗi gare shi. A Ingila in ka ce soshal woka kowa tunaninsa mai ɗauke yara ne ko mai auna tsofaffi dan a ba su kulawa. A nan 'yan ajinmu wani gidan matasa zai yi aiki inda ake buga ƙwallon tebur da yamma, wata gidan yari, wata makaranta, wani wajen masu shaye-shaye, wata ofishin ba masu bashi shawara, wata wajen 'yan gudun hijira, duk da digiri ɗaya. Dalili shi ne reshe biyu aka haɗe, na taimakon talakawa da kuma wanda suke cewa sozialpedagogik, tarbiyya a wajen aji, wato ka rayu tare da yaro ka yi girki da shi ka raka shi, tarbiyyar na shiga ta nan. Suna ji da Alice Salomon wadda ta buɗe makarantar mata ta wannan aikin a Balin a 1908, 'yan Nazi suka kore ta daga ƙasar a 1937 dan asalinta Bayahudiya ce, ta rasu a New York 1948. Suna kuma ji da Hans Thiersch na Tübingen, wanda koyarwarsa in na taƙaita ita ce ka fara daga rayuwar mutum ta yau da kullum yadda shi yake ganinta, ba yadda fom ɗinka ya tsara ba. Samista guda ana muhawara a kan shin aikinmu taimako ne ko leƙen asiri ne na gwamnati, ni ina zaune ina cewa a raina ku je ku buga ƙofa ɗaya tukuna. Jarrabawar doka kuma da ƙaton littafin dokoki ake shiga, a ba ka labarin wani iyali ka bi sashe bayan sashe ka fito da haƙƙinsu kaman lissafi.

Koyon aiki kuwa a wurare da yawa samista ɗaya ce, wajen kwana 100, kusan rabin na Ingila, kuma babu wata shekarar rainon sabon ma'aikaci da aka tsara wa ƙasa baki ɗaya, ya danganta da inda ka faɗa. Ni a ganina ɗan Ingila yana fitowa ya iya aikin amma bai cika tambayar me ya sa ba, ɗan Jamus yana fitowa da hujja a baki kaman lauya amma ranar farko da uba mai maye zai daka masa tsawa a ƙofa sai ka ga takardunsa na rawa.

Kuskurena na farko a wurin koyon aiki waya ce. Ina da damuwa kan wani yaro sai kawai na ɗaga waya na kira malamarsa, kaman yadda na saba, dan a Ingila har ɗaki guda ake haɗa ɗan sanda da nas da soshal woka suna musayar bayani kan kowane rahoto da ya shigo. Mai kula da ni ta ji, ta zo ta tsaya a kaina fuskarta ta yi ja, ta ce ina takardar da iyayen suka sa hannu suka yarda ki yi magana da makaranta. Na ce ai dan yaron ne. Ta rufe ƙofa ta zauna ta ce min a ƙasar nan an yi zamanin da ma'aikatan jin daɗin jama'a da na lafiya ke rubuta sunayen iyalan da aka ce ba su da amfani, naƙasassu da ƙabilun Sinti da Roma, kuma da waɗannan fayilolin aka bi su aka kwashe, sannan a Jamus ta Gabas ma an yi gidajen horon yara irin na Torgau. Shi ya sa sashe na 6 na kundin tsarin mulkinsu ya ce renon yara haƙƙin iyaye ne kuma wajibinsu, gwamnati mai sa ido ce kawai. In babu haɗari a fili ba ka da ikon zagayawa bayan iyaye, kuma tona sirrin wanda kake taimako laifi ne da kan iya kai ka kotu. A ranar na fahimci cewa Ingila tsoron kar a sake Victoria ne ya gina aikinta, su kuma nan tsoron gwamnatinsu da kanta.

Ofishin kula da yara sunansa Yugendamt, duk ɗan Afirka da ke Jamus ya san sunan nan ko bai iya gaisuwa da Jamusanci ba, har tsorata juna ake da shi. Amma mafi yawan aikin hannu ba su ke yi ba, ƙungiyoyi ake ba kwangila. Akwai manya guda shida, Caritas ta Katolika tun 1897, Diakonie ta Furotesta, AWO ta ma'aikata wadda Marie Juchacz ta kafa 1919, Red Cross, Paritätische, da ta Yahudawa, babu ta Musulmi a cikin shidan duk da yawanmu, sai kuma ƙanana barjat. Ni a wata ƙaramar ƙungiya na fara, aikin da sashe na 31 na dokar yara da matasa ya tanada, mai taimakon iyali. Awa shida a sati a gida ɗaya, wata da watanni. A Ingila ban taɓa samun awa shida da iyali ɗaya a wata ba.

Ikon Allah, iyali na biyu da aka ba ni Hausa suke ji, mutanen zango ne daga Gana. Uban ya zane ɗansa ɗan shekara 11 da wayar caja, malamar wasanni ta ga shatar. Abun mamaki a takarda Jamus ta fi tsanani, tun 2000 doka ta hana dukan yaro kowane iri, alhali Ingila har yanzu akwai kariyar horo daidai misali, duk da Sikotland da Wels sun soke tasu. Amma da a Ingila ne, shata irin wannan a ranar za a kai yaro likita ya auna, ɗan sanda ya zo, wataƙila a ce uba ya bar gidan tukuna. A nan ma'aikata suka zauna su da yawa suka auna haɗarin kaman yadda sashe na 8a ya ce, aka je gida, aka sa uban ya sa hannu kan yarjejeniyar ba zai sake ba, sannan aka ce masa kana da haƙƙin neman taimako wajen tarbiyya, ga fom, kai za ka nema. Shi ne mai nema! Har ya ce mutumin farko da aka turo bai yi masa ba, kuma doka ta ba shi damar zaɓi, shi ya sa aka kawo ni. Ni a raina ina cewa wannan wane irin lallashi ne.

Ranar farko ya ƙi kallona, sai da na yi sallama na ce Baba ina wuni ya gida ya ɗago kai da sauri. Ya ce "Hajiya ke 'yar ina ce?" na ce Kano. Ya ce "To ke kin sani, mu da aka daka mun lalace ne?" Na ce Baba ni ma na sha dorina a makarantar allo, amma ni in aka dake ni akwai kaka da zan ruga ɗakinta, akwai maƙota, akwai gwaggo, shi wannan in ka dake shi a hawa na huɗu ƙofa a rufe wa zai je wurinsa. Bai ce komai ba, ya ce wa matarsa ta kawo shayi. Wata 16 na yi ina zuwa gidan nan. Na raka shi taron iyaye dan ashe rabin fushinsa wasiƙun makaranta ne da ba ya iya karantawa sai yaron ya fassara masa, yaron kuma yana fassara abun da ya ga dama. Na zauna ana aikin gida, na raka uwar wajen likita, mun yi faɗa da shi sau biyu har ya ce kar in sake zuwa, na sake zuwa. Duk wata shida a zauna taron duba shiri da Yugendamt, a tambayi yaron shi ma me yake so. Ba zan ce ya zama wani mutum daban ba, har na bar su yana da tsawa, amma bai sake ɗaga wa yaron wayar caja ba kuma yaron na gidansu.

Kar wani ya ɗauka ina cewa Jamus ta fi. Yanzu da na samu anerkenung ɗina na koma cikin Yugendamt ɗin kanta tun 2023, ina ganin ɗayan gefen. Haƙurin nan nasu wani lokaci yaro ne ke biyan kuɗinsa. Su ma suna da nasu sunayen, Kevin ɗan shekara biyu a Bremen wanda a Oktoba 2006 aka tsinci gawarsa a cikin firjin mutumin da ke riƙe da shi, alhali yana ƙarƙashin waliccin hukuma, bayan nan ne aka kafa doka cewa waliyyin hukuma ɗaya kar ya wuce yara 50. Ga kuma badaƙalar lalata da yara da ta fito a garin Lügde a 2019. Ina da fayil yanzu haka da an ba taimako na ɗaya an ba na biyu an ba na uku, na san da a Ingila ne tun bara alƙali ya gama magana, a nan kuma ana cewa a ƙara gwada wani. Yaro na iya shekara goma a gidan riƙo iyayensa na nan da haƙƙinsu, ba a yanke ba kuma ba a koma ba, dan adopshan ba da yardar iyaye ba abu ne mai wuyar gaske a nan. Wata rana in ce wannan ya fi kusa da riƙon da na sani, wata rana in ga yaro bai san inda zai kira gida ba.

Wani abun da mutane ba su sani ba, a Ingila ni ba ni da ikon ɗaukar yaro da kaina, sai da umarnin kotu ko yardar iyaye ko ɗan sanda ya yi amfani da nasa ikon na awa 72. A nan Jamus sashe na 42 ya ba mu ikon mu ɗauke yaro nan take in akwai haɗari, in iyaye suka ƙi yarda sannan a garzaya kotun iyali. Wato wadda ta fi lallashi ita ce kuma ta fi saurin hannu in ta tashi. Sannan a Ingila in ka yi sakaci hukumar rajista ta zauna a kanka ta cire sunanka kowa ya gani a intanet, duk shekara kuma kafin ƙarshen Nuwamba sai ka sabunta ka nuna ƙarin ilimin da ka yi, lokacina fam 90 ake biya. A nan ba mai tambayarka wannan, amma in yaron da ke hannunka ya mutu mai gabatar da ƙara na iya gurfanar da kai, kai ɗinka, ba ofis ba. Ko'ina dai barci da ido ɗaya ake.

Satin da ya wuce na fita ziyara da wata sabuwar ma'aikaciya da ta gama karatu bana, maƙota sun kira sun ce yaran gidan na yawo suna roƙon abinci. A mota ta yi ta min bayanin cewa ba mu da hurumin bincika kayan mutane in ba su yarda ba, na ce haka ne. Muka shiga muka zauna, uwar ta ce za mu sha kofi, sabuwar ma'aikaciyar ta ce a'a ta gode, ni na ce zan sha, amma dan Allah da madara in akwai. Ni ko shan kofi ba na yi. Na bi ta kicin ina yaba labulenta, ta buɗe firji da hannunta. Madara rabin kwali, mastad, da kwalaben giya huɗu. Na karɓi kofin na shanye tas, sannan na ce mata ranar Alhamis akwai wurin da ake raba kayan abinci a bayan tashar jirgi, in tana so mu je tare, ta ce sai ta yi tunani.